Ƙubbar Taubashina da Furen da Ya Kusa Shan Guduma

Ranar Alhamis muna sallame asuba muka baro Gidan Rumji, zakarun unguwarmu ma ba su gama shawarar wanda zai fara cara ba. Mu uku ne: ni, da maƙwabcina mai mota, da wani abokin cinikina da ya rantse don zumunci zai raka mu, daga baya muka gano sarin aya a kasuwar Cadawa ne ya tashe shi. Motar kuwa, jama'a, ta girmi ɗana na fari, ta kuma fi shi taurin kai. Ƙofar gefena ba ta buɗuwa sai daga waje, ta direba ba ta buɗuwa sai daga ciki, don haka duk inda muka tsaya sai mun yi wa juna hidima kamar manyan baƙi.

Ba biki ya tashe mu ba. Taubashina ne ya kira ni a salula ranar Laraba. Ɗan ƙanwar babana ne, magini, wanda ya tsufa da cokalin gini a hannu. Tun muna yara ba mu taɓa gaisawa babu tsiya ba: ni in ce masa Sarkin Laka, shi ya ce mini Alhaji Ƙari, wai duk labarin da ya bi ta bakina sai ya fito da tumbi. To ran nan da na ɗauka sai na ji ya ce, "Salamu alaikum, ɗan uwa, kana lafiya?" Nan na san ba lafiya. Mutumin da ya saba tambayata ko na fashe yau shi ke tambayar lafiyata.

Ga abin da ya faru. An ba shi aikin masallacin Juma'a a wani ƙauye da ke yankin Gangara. Wanda ya ɗauki nauyin ginin ɗan garin ne, ya taɓa kai mahaifiyarsa Indiya neman magani, a can ya ga tsofaffin masallatan sarakunan Musulmi, ya ɗauko hoton wata ƙubba ya ce irinta yake so. A saman ƙubbar akwai fure a kife, ganyayensa sun rungumi ƙoƙon kanta. Taubashina ya zauna ya fitar da furen nan da siminti, ganye bayan ganye, har aka gama ana yabawa. Sai ɗan Ladanin garin, da ke ci-rani a waje, ya turo wa ubansa wani hoto: mutum-mutumin Buda zaune a kan fure iri ɗaya sak. Ladan ya ce shi ba zai kira salla a ƙarƙashin kujerar gunki ba. Gari ya rabu biyu. Juma'ar makon nan ce ta farko a masallacin, an gayyaci ƙauyukan kewaye, kuma an tsayar cewa bayan la'asar ɗin Alhamis za a yanke hukunci: ko a bar furen, ko a hau da guduma. In aka fasa shi, sunan da zai bi taubashina har kabari shi ne maginin da ya ɗora wa masallaci gunki, kuma babu mai sake ba shi ko ginin akurki.

Me ya sa ni ya kira? Saboda a duk danginmu ni kaɗai na taɓa zuwa ƙasar masu bin Buda. Na je Gwanzu ta ƙasar Sin sarin kayan wuta shekarun baya, kuma tun da na dawo ban bar kowa ya huta ba.

Damina ta yi albarka bana. Daga Gidan Rumji har Tibiri hatsi ne a ɗaure dami-dami, rumbuna an yi musu sabuwar hula, amalanken shanu sun cika gefen hanya. A Maradi muka karya. Ƙosan dala ashirin yanzu sai ka sa madubin ido kafin ka gan shi a cikin takarda. Na tambayi mai suya ko ƙosan ma azumi yake, ta ce mai ne ya yi tsada, in kuma ina son manya in kawo nawa waken. Muka sha kunu da zafinsa, muka zuba wa mota esansi, muka yi gabas.

A shingen jandarma na bayan gari, jami'in ya leƙo ya tambayi inda za mu. Na ce za mu ceto fure. Ya dube ni, ya dubi katina, ya sake dubana, ya ce da direba ya riƙa buɗe mini taga ina shan iska.

A hanya na ce bari in gwada shaidata a kan mutanen motar. Na ba su labarin yadda Juma'a ta riske ni a Gwanzu, aka kwatanta mini tsohon masallacin garin, na je na wuce ƙofarsa ina ta kai-komo ban gane shi ba. Rufinsa na tangaran ne, bakinsa ya lanƙwasa sama kamar gashin bakin tsohon soja, ginshiƙan katako, tsakar gida da itatuwa, kamanninsa ɗaya da gidan ibadar masu bin Buda da na leƙa kwana biyu kafin nan. Sai da na ga wani tsoho da farar hula yana shiga na bi shi. A ciki ga mihrabi, ga ayoyi an rubuta da burushi, harafin Larabci ne amma tafiyar hannun ta Sinawa ce. Na yi sallata a sahu ɗaya da mutanen da ko "ina kwana" ba mu iya ce wa juna.

Na kuma gaya musu abin da tafintana ya faɗa mini a wancan gidan ibadar, inda aka karɓe ni da mutunci har da shayi marar sukari, wanda na shanye don kunya. Ya ce da farko mabiya Buda ba sa sassaƙa siffarsa, sai dai sawun ƙafa ko kujera babu kowa a kai. Da suka fara sassaƙawa, a wajen ƙasar Pakistan ta yanzu, har salon naɗin mayafi na masassaƙan Girka suka ara. Kuma duk ƙasar da ya shiga sai fuskarsa ta koma irin ta mutanen wurin. Wato su ma masu aro ne.

Da na gama, direba ya ce labari ya yi daɗi, kashi nawa za su zubar? Abokin cinikina ya ce shi a ƙa'idarsa in na yi magana rabi yake ɗauka, ya kuma wanke rabin. Dariyar yaƙe na yi. Waɗannan da muke cin tuwo tare ke nan. Ina ga mutanen da ke riƙe da guduma?

Cadawa ta tare mu da aya. Buhu kan buhu, mata na sheƙe ta a faifai, ƙura na tashi, masu saye daga kudu suna taɓa lissafi a salula. Abokin cinikina ya ɓace cikin kasuwa kamar an jefa gishiri a ruwa, ya dawo da buhu biyu da murmushi, yana cewa ta ɗan sauka daga kuɗin bara. Aka ɗora wa motar, ta yi nishi, ta durƙusa ta baya kamar raƙumi. Daga nan har Agye hancin motar sama yake kallo, mu ma dole muka riƙa tuna Allah.

A Agye muka ci tsire da albasa, mai yaji irin wanda ke sa mutum ya tuna laifin da bai yi ba. Mahaucin ya yanka mini wani yanki siriri har ina hango kasuwa ta cikinsa. Bayan gari kaɗan muka wuce wani tabki da ya cika ya batse, fuskarsa duk farin furen bado, mata sun naɗe zane suna lalube a ciki, shanun Fulani na sha a ɗaya gefen. Na kalla na wuce, hankalina na kan abin da zan faɗa.

A Gazawa muka yi azahar, muka saki babbar hanya muka yi kudu. Nan ne motar ta nuna mana asalinta. Yashi ya kama ta sau ba adadi, muka tura har na ji ƙashin bayana yana kiran sunan kakata. Wani mai amalanke ya wuce mu, ya yi mana sannu, can gaba ya tsaya ya ba jakinsa ruwa, muka zo muka wuce, ya sake wuce mu ya sake yi mana sannu. A karo na uku kunya ta hana shi magana.

Tun daga nesa muka hango ƙubbar, fara tas a saman rufin gari. Zan faɗi gaskiya ko da taubashina zai karanta: aiki ya yi kyau. Ginin bulo ne, amma ya sa masa zanko a kusurwoyi irin na gidajen kakanninmu, ya zana dagi a saman ƙofa, ciki kuma ya ɗaure rufin da bakan gizo kamar yadda ake yi a soron ƙasa. Ƙubba daga Indiya, zanko daga gida, lasifika daga Sin, tabarmi daga Makka waɗanda su ma in ka juya bayansu Sin za ka gani. Can a ƙoli ga furen da ya tara mu, a kife, tsakiyarsa da ramin da aka bari don sandar jinjirin wata, wadda rigima ta hana a kafa.

Taubashina na zaune a gindin katanga, ya rame, hularsa ta yi masa yawa. Na ce, "Sarkin Laka, wa ya mutu?" Bai rama ba. Hannuna kawai ya riƙe ya ce, "Don Allah yau kaɗai, ka faɗe shi yadda yake. Kada ka ƙara ko gishiri."

Bayan la'asar aka taru a gindin tsamiyar ƙofar masallaci. Liman tsoho ne ƙanƙani, ƙafafunsa sun gaji, an shimfiɗa masa buzu ya jingina da itacen. Ladan kuwa dogo ne sa'ansa, mai murya kamar ganga, kuma ba mugun mutum ba ne. Kana ganin idonsa ka san tsoron Allah ne ya hana shi barci. Guduma na ajiye a gabansa, tsani na jingine da bango. Ya zagaya da salularsa kowa ya ga hoton. Ni ma na gani, kuma ba zan yi ƙarya ba, furen shi ne.

Aka ce baƙo daga Gidan Rumji ya yi magana. Na miƙe. Jama'a, ban taɓa sanin gaskiya tsirara tana da wuyar faɗi haka ba. Kowace jimla in na kamo ta sai in ji tana neman kumbura a bakina, in danne ta. Na faɗi rufin, na faɗi ginshiƙan, na faɗi rubutun burushi. Na ce magina a ko'ina da hannun garinsu suke gini, Musulmin Indiya sun tarar da furen nan a hannun maginan ƙasar, suka ɗora shi a ƙubba suka yi salla a ƙarƙashinsa ɗaruruwan shekaru, da malamansu da komai. Har na zo kan hasumiyar masallacin Gwanzu, na ji "ta taɓo gajimare" ta taso mini, na haɗiye ta da ƙyar na ce doguwa ce dai.

Ladan ya saurara har na gama, sannan ya ce, "Alhaji, ba kai ne wanda magini ke ba mu labarinsa ba, mai cewa ya ga kifi a ƙasar Sin da aka yi kwana uku ana wuce shi a jirgi?"

Ashe duk watannin da taubashina ya yi yana gini, da labaraina yake shan shayi. Wuri ya ɗauki dariya. Na ce kifin daban, wannan daban. Wani ya ce a nuna hoto. Na zaro salula da ƙarfin gwiwa na nemo hoton da na ɗauka a ƙofar masallacin. Aka karɓa aka duba. Fuskata ce ta cika shi daga gefe zuwa gefe, da hula, da haƙora, sai wani ɗan lanƙwasasshen abu a bayan kunnena wanda na rantse musu rufin ne. Wani tsoho ya ce shi dai ya ga kunne. Na zauna. Taubashina ya sunkuyar da kai, wani saurayi ya fara gyara tsayuwar tsani.

Sai Liman ya yi gyaran murya. Ya tambayi Ladan mene ne ainihin abin da yake tsoro. Ladan ya ce kada bayin Allah su ɗaga kai su ga abin bautar wasu a kan ɗakin Allah. Liman ya ce tsoro ne mai kyau, amma duk wanda ke zaune a nan ya riga ya ga hoto, idonsa ya gurɓata. A tambayi waɗanda ba su gani ba. Ranar kasuwar wani gari ce a kusa, ga mutane na dawowa ta bakin masallaci. Ya sa aka riƙa tsayar da su ɗaya-ɗaya, a nuna musu sama a ce mi suka gani.

Na farko mai amalanken nan ne da ya yi ta wuce mu. Ya kare ido da hannu ya daɗe yana kallo, ya ce kabewa ce. Taubashina ya ɗago kai. Na biyu, wani dattijo mai tallar igiya, ya ce albasa ce da aka fara ɓarewa aka fasa. Wani ɗan kasuwa daga tsallaken iyaka ya ce hular sanyi ce irin ta jarirai. Wata tsohuwa ta ce ita ba ta gani sosai, amma in ba kabewa ba ce to ƴar uwarta ce. Kowace amsa in ta faɗo, jama'a su kwashe da dariya, fuskar Ladan ta ƙara saki, ta taubashina kuma ta ƙara haɗewa. Ni ina gefe ina ta murza masa ƙafa, ina raɗa masa ya yi shiru, kabewar nan ita ce za ta cece shi. Shi kuwa huci kawai yake, yana cewa wata biyu ya yi a kan ganyayen nan, rana na gasa masa ƙeya.

Har an kusa tashi a kan kabewa, sai ga wata Bafulatana ta taho da ƙwaryar nono a ka, ta sayar ta juyo. Aka tsayar da ita. Ko sauke ƙwaryar ba ta yi ba, ta ɗan karkata ta kalla, ta ce da Hausarta mai daɗi, "Bado ne mana. Amma wa ya kife shi?"

Kafin in kama rigarsa, taubashina ya yi tsalle ya miƙe. "Allah shi yi miki albarka! Duk garin ga ke kaɗai ke da ido!"

Na dafe kai. Mun taso tun asuba, mun tura mota, na zubar da mutuncina a gaban jama'a, ga shi mutumin ya ɗauki wuyansa da kansa ya miƙa. Ladan ya juya wajen Liman ya ce to an ji daga bakin mai shi, furen ne dai.

Liman bai yi sauri ba. Ya sallami matar da godiya, sannan ya kira Ladan da sunan yarinta, wanda ba zan rubuta a nan ba.

"Shekarar yunwar nan, muna yara, da rumbun babanka da na babana suka ƙare, mi muka ci?"

Ladan ya ce, "Bado."

"Wa ke shiga tabki ta ciro mana?"

"Inna."

"Innarka, ruwa har wuyanta. Ta shanya ƴaƴan ta daka, ta dafa saiwar, ta raba mana ni da kai a akushi ɗaya. Shin sannan kujerar wani ce? Wanda ya halicce shi ya shuka shi a tabkinmu, ya shuka a nasu. Su sun ga kyansa sun sassaƙa, mu mun ji yunwa mun ci. Ba mai rai ba ne, ba a yi masa sujada, alƙibla kuma ba sama take ba. In ka fasa shi ban hana ka ba, amma ni ba zan iya kallo ba."

Wani ya yi tari, akuya ta ratsa taron ba wanda ya kore ta. Can Ladan ya sunkuya ya ɗauki gudumar. Ya miƙa wa taubashina ita ta wajen ƙota, ya ce, "Hau ka kafa watan nan tun da sauran rana. Ba na kiran salla ƙarƙashin ƙubba marar wata."

Da gudumar da aka kawo don fasawa aka buga sandar jinjirin wata a tsakiyar furen. Ni na riƙe tsani, kuma zan iya cewa ba don ƙarfina ba da magini da wata duk sun sauko tare. Wannan kam ku zubar da rabi.

Juma'a ta yi Juma'a. Mutane har gindin tsamiya da bayanta. Da Ladan ya ɗaga murya, tattabarun da suka riga suka tare a gefen furen suka watse gaba ɗaya. Bayan salla aka fito da tuwo da miyar kuka, da fura mai nono har cokali na tsayawa. Ladan da kansa ya zo ya zauna kusa da ni, ya ce yanzu da hankali ya kwanta in ƙara ba shi labarin masallacin nan na Sin. Na ba shi yadda yake. Ya ce bai kai na kifin daɗi ba.

Da rana ta yi sanyi muka juyo. Da muka zo tabkin nan na kusa da Agye na sa direba ya tsaya, ya fita ya buɗe mini ƙofa, na je bakin ruwa na tsaya ina kallon furen. Sau nawa na wuce shi a rayuwata ban taɓa ɗaga masa ido ba, sai da na je har Sin na gan shi a ƙarƙashin mutum-mutumi na riƙa riƙe baki. Muka kwana a Maradi wajen dangi, Asabar da hantsi muka shiga Gidan Rumji, mu da aya da ciwon baya.

Abin da na ɗauko a tafiyar ga shi. Gini ba ya da fasfo. Abin da magini ya gani ya yi masa kyau, sai ya bi hannunsa ya shiga wani gari, ya musulunta a can ko ya ƙi, gwargwadon abin da masu gidan suka nufa da shi. Na kuma gane cewa mutumin da ya saba zuba wa labari yaji, ranar da ya kawo shi fari babu mai ɗanɗanawa. Na yi niyyar ragewa. Niyya dai na ce.

Ina sauke jaka salula ta yi ƙara. Taubashina ne. Ko sallama bai yi ba ya ce, "Alhaji Ƙari, ka isa ko ka fashe a hanya?" Na yi hamdala, mutumina ya warke. Sai dai yana da ƙara guda da yake so in kai masa wajen Liman: duk ƙauyukan kewaye, in za su kwatanta wurin, Masallacin Kabewa suke cewa.